Kabarin Haya a Hamburg

SHAFI NA 31

Masu cika min waya tun asuba da "Anti kin bar mu a filin jirgi", to Dalila ta sauka, har ta kwana. Ni ma aiki nake zuwa kamar kowa, ba da labarin nan nake cin abinci ba. Wanda yau ya fara shigowa shi ma ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Kwana ɗaya Dalila ta yi a gidansu na Pleasant Garden, kusa da Greensboro a Amurka, bayan wata ukun da ta shafe a Hamburg tana koyon aiki a wani kamfanin jigilar kaya ta ruwa. Ko akwatinta ba ta gama kwancewa ba. Da hantsin Asabar ta fito falo da farar ambulan a hannu.

Malam Yahya ne ya ba ta, tsohon abokin babanta da har yanzu yake zaune a can. Daga ofishin maƙabarta takardar ta fito, kuma abin da ke ciki gajere ne. Kabarin Moutari, yayan babanta da ya rasu a garin shekara ashirin da biyar da suka wuce, wa'adinsa zai cika ƙarshen wannan watan. In wanda ya karɓi kabarin tun farko bai sa hannu an sabunta ba, za a baje wurin a ba wani. Wanda ya karɓa ɗin babanta ne, kuma saura kwana tara.

Baban nata, Alhaji Daouda, na zaune a kujerarsa ta kullum, wadda ta riga ta lotsa daidai jikinsa, yana shan shayi yana duba motocin gwanjo a waya. Sana'arsa kenan tun zuwansa Greensboro, ya sayi mota ya gyara ya tura Kwatano. A masallaci Ɗan Hamburg ake ce masa, don ba a taɓa hirar da bai sako garin nan ba. Ko tsadar albasa ake magana sai ya san yadda ya bi da ita ta bakin kogin Elbe. Duk da wannan soyayya bai sake taka garin ba tunda ya baro shi, kuma lokacin da Dalila ta samu gurbin zuwa shi ya fi kowa kawo dalilan fasawa.

"Baba ina kwana."

"Lafiya lau, 'yar Jamus. Gajiya ta bi lafiya?"

"Alhamdulillah."

"Zauna ki ba ni labari, jiya barci ya ƙwace min ke. Kin ga tashar jiragen ruwan?"

"Baba a cikinta fa nake aiki."

"Gani nake nufi. Kin shiga jirgin fito kin bi kogin, kin hango ta daga kan ruwa?"

"Sau uku ma."

"Voilà!" Ya kife wayar a cinya. "To yanzu kin je Hamburg. Gari ne fa da ba a bakin teku yake ba, teku na can wajen kilomita ɗari. Amma jiragen duniya kaf sai su biyo kogi su same su har ƙofar gida. Shekara ɗari takwas suna wannan harka. Fatake ne irin kakanninmu, namu suka ɗora wa raƙumi gishiri, su kuma suka ɗora wa jirgi."

Daga kicin Hajiya Tchima, mamar Dalila, ta ɗago murya.

"Shikenan, an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Yau kunnuwanmu sun shiga uku."

"Ke dai ji da fankenki," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba. "Gobara ta taɓa cinye musu tsakiyar gari, bayan shekara ɗari yaƙi ya zo ya niƙe shi. Mutanen nan suka share toka suka sake ɗora bulo. Rumbunan nan na jan bulo da ke tsaye a cikin ruwa, suna nan?"

"Suna nan. Wasu sun zama gidan tarihi, wasu ofis, wasu har yanzu darduma ake sayarwa. Kuma sun ɗora wani ƙaton gidan kiɗa na gilashi a kan tsohon rumbun koko, mutane na zuwa daga ko'ina suna ɗaukar hoto."

"Gidan kiɗa a kan rumbu? Nasara ba ya rasa abin yi."

"Ka san abin da ya ba ni dariya? Kwantenar farko da aka ba ni in bi takardunta, zoɓo ne a ciki, daga Kano. Shayi suke yi da shi, su zuba a kwali mai kyau su tsawwala."

"Ai komai na duniya ta can yake bi. Gahawa, koko, citta, ƙaro. Motocin da ake taƙama da su a Maradi a zamaninmu, da yawa can aka loda su. Kasuwar kifi fa, ta ranar Lahadi?"

"Na je. Mutane na cin kifi da burodi tun rana ba ta fito ba, mai ayaba na ihu kamar an yi gobara."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Dalila ta bar shi ya gama. Ta san babanta, in yana kan zancen garin nan ne kawai ake samunsa da laushi, shi ya sa ta zaɓi lokacin.

"Na je wajen Tonton Moutari."

Kofin na hanyar bakinsa. Ya mayar da shi kan tebur bai kurɓa ba.

"Wa ya kai ki?"

"Malam Yahya. Ni na matsa masa."

"Yahya ba ya jin magana."

"Baba ko suna babu a wurin. Wani ɗan ƙarfe ne da lamba, ciyawa ta kusa rufe shi. Sai da muka zagaya ɓangaren Musulmi sau biyu kafin ya gane."

"To ai haka kabari yake. A Maradi wa aka rubuta wa suna? Kin yi masa addu'a?"

"Na yi."

"Allah ya karɓa. C'est tout."

"Da saura, Baba."

Ta miƙa masa ambulan. Ya dube ta, ya dubi tambarin da ke jiki, ya haɗe hannayensa a kan ciki bai karɓa ba.

"Malam Yahya ya ce shekara biyu yana kiranka ba ka ɗagawa. Ya ce ya turo maka hoton irin wannan har sau uku."

"Na goge."

"Ba ka karanta ba?"

"Takardar Bajamushe mai tambari ba gaisuwa take kawowa ba. Na zauna da su, na san su."

"Ba 'yan sanda ba ne, maƙabarta ce. A can kabari haya ake ba da shi."

"Me ake ba da shi?"

"Haya. Shekara ashirin da biyar. Yana rubuce a takardar da ka sa wa hannu ranar jana'iza."

"Wace takarda? An miƙo min biro na sa hannu, wa yake karatu da gawa a gaba? Na ɗauka an binne an gama. A duniya ban taɓa jin an ce wa matacce wa'adin ɗakinsa ya cika ba."

"To ya cika. In ba a sabunta ba kafin ƙarshen wata, za su baje wurin."

Ƙarar mai a kicin ta ɗauke. Hajiya Tchima ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da matsami a hannu, mai na ɗiga a kan tayil ba ta lura ba.

"Tone shi za su yi?"

"A'a Mama. Za su cire lambar su share wurin, in an jima su binne wani a kai."

"A kansa?"

"Haka suke yi wa kowa, har nasu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Dalila ta ɗan yi mamaki. Mamarta mace ce mai tauri, ko rasuwar ƙanwarta a tsaye ta karɓa ta ci gaba da wanke-wanke. Yau ga ta tana neman bango ta jingina a kan yayan miji da ya rasu tun Dalila na goye. Ta bar abin a ranta, ta juya ga babanta.

"It's just a signature, Baba. Sauran duk na ɗauka. Ka sa hannu in tura musu yau."

"Ba zan sa ba."

"Me ya sa?"

"Ƙasa duk ta Allah ce. Wanda ya tafi ba ya buƙatar papiye, takarda ta mai rai ce."

"Yayanka ne fa."

"Ke za ki gaya min?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum kana ba mutane labarin gadoji da jirage da kasuwar kifi, amma ko sau ɗaya ban ji ka ba da labarinsa ba. Ko hotonsa babu a gidan nan. Me ya yi maka?"

"Dalila, iya bakinki."

"Na iya shi shekara ashirin da shida."

Ya ɗauki wayarsa ya sake buɗe motocin gwanjo, wai shi a dole magana ta ƙare. Yatsan nasa dai a wuri ɗaya yake ta gogawa. Dalila ta zaro takardun daga ambulan ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora biro a kai.

"Shafi biyu ne. Na farko na sabuntawa. Na biyu izinin kafa dutse ne, na riga na yi magana da mai sassaƙawa. Ƙarami, ba ado, suna kawai da shekara. Ko ba kowa, ni zan koma aiki can a watan gobe, in riƙa zuwa ina gane wurin."

"Wane suna?" in ji Hajiya Tchima.

"Nasa mana. Moutari Hamissou."

"Ba za a rubuta ba."

"Mama ke ma?"

"Na ce ba za a rubuta ba."

"What is wrong with you people? Shi ya ƙi sa hannu, ke kin hana dutse. Mutumin nan kisa ya yi? Malam Yahya da ba danginsa ba shi ya tsuguna ya cire masa ciyawa. Da ya ganni a tashar jirgin ƙasa kuka ya fashe da shi, dattijo da furfura. Ya ce tafiyata sak ta mai kabarin."

Hajiya Tchima ta ajiye matsamin a kan hannun kujera, abin da in wani ya yi sai ya kwana yana jin faɗa. Ta goge hannunta da gefen zani. Ta zo ta tsaya a gaban mijinta.

Tunda Dalila ta yi wayo ba ta taɓa jin mamarta ta kama sunan babanta ba. Alhaji take cewa, ko maigidan, ko baban Dalila in da baƙi. Ba wanda ya taɓa ganin wani abu a ciki, ai kowace matar kirki ta zamaninsu haka take, alkunya ce. Shi ya sa da sunan ya fito daga bakinta, Dalila ta waiga ta ga ko wani ya shigo.

"Faɗa mata, Moutari."

Ba wanda ya shigo. Su ukun ne dai.

"Tchima."

"Faɗa mata ko in faɗa. Na gaji. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya cika."

Alhaji ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. 

"Zauna, ma fille."

"A tsaye ma ina ji."

"Bon. Ni ne Moutari. Daouda ƙanena ne, shekara biyu na ba shi. Shi ne a kabarin nan." Ya ɗago ya dube ta. "Shi ne ya haife ki."

Dalila ta zauna.

"Ban gane ba."

"Za ki gane. Ni na riga shi fita, na yi shekara biyar a Hamburg, ina da katin aiki. Shi yana Maradi da mamarki, an haife ki, sai ya ci lotarin Amurka. Aka buga muku biza ku uku a Yamai, wata shida aka ba ku ku shiga. Guzurin tafiya babu. Na ce ya zo wajena ya yi ɗan aiki ya haɗa."

"Da bizar ziyara?"

"Da ita. Ita kuma ba a aiki da ita. To a gidanmu mu takwas ne, kati uku. Haka kowa yake yi, mai kati ya ara wa marar kati. Nasara ba ya bambance mu, balle ni da shi da har a Maradi ake rikita mu. Ni ina wajen masu lodin motoci, can ba a tambayar komai. Shi na ba shi katina ya shiga wani rumbu yana ɗaukar buhunan koko."

"Sai me?"

"Sati na biyar ya faɗi a wajen aiki. Zuciya ce, likita ya ce da ita aka haife shi. Kafin labari ya same ni an kai shi asibiti, an duba aljihunsa, an rubuta. Na isa na tarar da sunana a jikin takardar gawa."

"Ba ka ce musu kuskure ba ne?"

"In ce me? In ce na ba wani katina ya yi aiki? Ni gidan yari, daga nan jirgi. Su bi adireshi su zo gida, mutum bakwai su bi bayana, kowa da bakunan da yake ciyarwa a ƙauye. Muka zauna, babbanmu a gidan ya ce mala'iku ba sa tambayar papiye, a binne shi a haka. Muka yi masa wanka, muka yi masa salla, kowa ya san wa yake nufi a ransa. Da aka ce ɗan'uwan mamaci ya sa hannu, fasfonsa ne a aljihuna. Na rubuta Daouda."

"Shikenan?"

"Washegari na tashi ba ni a duniya. Ba aiki, ba ɗaki, ba suna. Abin da ya rage min fasfon nan ne da bizar da saura sati bakwai ta mutu. Ku kuma ba a barinku ku shiga sai da mai bizar. Gaba kura baya sayaki. Na kira mamarki."

Hajiya Tchima ba ta zauna ba. Tana tsaye tana magana kamar mai ba da labarin wata.

"A shagon waya na karɓa, kina bayana, watanki takwas. A kira ɗaya ya gaya min mijina ya rasu, ya gaya min abin da za a yi. Iyayenmu suka ce a yi. Cikin takaba na hau jirgi. Na tsaya gaban ma'aikacin filin jirgi na nuna yayan mijina na ce mijina ne. A wani ɗaki a East Greensboro na ƙarasa takabata, shi yana kwana a falo, ba wanda ya zo min gaisuwa, don a idon mutane ba abin da ya same ni. Bayan shekara aka ɗaura mana aure, da shaidu biyu da suka san gaskiya. Su ma sun rasu."

"Ban taɓa cutar da ke ba," in ji Alhaji. "Ban canza miki uba ba. Dalila Daouda kike, haka yake a takarda, haka yake a wajen Allah. Ni ne na shiga rigar da ba tawa ba."

Dalila ba ta yi kuka ba. Ta jira ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo mata haushi ne da wata irin kunya. Ta tuno kanta a maƙabartar nan cikin yayyafi, hannu ɗaya riƙe da lema, tana karanta ƙulhuwallahu da sauri don kar bas ta wuce ta. Minti biyar ba ta cika ba. Ta ce Allah ya jiƙan Tonton Moutari, ta shafa, ta tambayi Malam Yahya inda ake samun shawarma mai kyau. Tsohon ya dube ta bai amsa ba, ita kuma ta ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi.

"Kun bar ni na tsaya a kan kabarin ubana ina kiran sunan wani."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ci gaba.

"Kun san zan je garin. Kun raka ni har filin jirgi. Mama har kilishi kika ƙulla min in kai wa Malam Yahya."

"Na so in faɗa miki a mota."

"Amma ba ki faɗa ba."

"Ban faɗa ba."

"Yana da hoto?"

"Guda ɗaya," in ji Hajiya Tchima. "Na fasfo. Shi ma kin sha ganinsa, kin ɗauka na Alhaji ne yana saurayi."

Dalila ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta jawo shafi na biyu gabanta ta sake karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Wata uku a ofishin Jamusawa sun koya mata abu ɗaya, mutanen nan ko harafi ɗaya ya bambanta a takardar kwantena sai kaya ya kwana a tasha.

"Ba za su bari a rubuta Daouda a dutsen ba. Sai sunan da ke rajista. In ana so a canza, sai an gyara takardar mutuwar tun daga tushe."

"Yaya ake gyarawa?" in ji mamarta.

"Wanda ya sa hannu ya rubuta musu gaskiyar abin da ya faru, ya rantse a kai."

"In Jamus ta sani, Amurka ta sani," in ji Alhaji. "Yanzu ba da ba ne, na'urorinsu gaisawa suke. Na rantse a gaban alƙali da sunan nan ranar da na karɓi takardar ɗan ƙasa. Gidan nan da shi na saya. Filin motoci da shi. Har Makka da shi na je." Ya murza goshi. "Kayan aro ba ya rufe katara, na sani. Amma ya rufe mu shekara ashirin da biyar."

Ya miƙa hannu ya jawo shafi na farko, yanzu kam da kansa.

"Ga abin da za a yi. Zan sa hannu a sabunta, wallahi ban san haya ba ce, da ban bari ta kai haka ba. Ba wanda za a binne a kan ƙanena. Dutse kuma a bar shi, ba nawa ba nasa. Ke kin san wurin yanzu, kin san wanda ke ciki. Ki je duk Juma'a ki kira shi da sunansa, ba mai hana ki. Kin yarda?"

Maganar gaskiya, shawarar ba ta da aibu. Kabari ya tsira, gida ya tsira, kowa ya koma inda yake. Dalila ta dubi mutumin da ya koya mata tuƙi a filin masallaci, wanda ya yi ta kaiwa da komowa a harabar asibiti ranar da aka yi mata tiyata, ta rasa sunan da za ta ba shi a ranta, amma tausayinsa ya kama ta. Har ta buɗe baki za ta ce to.

"Wata shekara ashirin da biyar ɗin kenan," in ji Hajiya Tchima.

"Tchima, ba yanzu ba."

"Yaushe? Shekarata hamsin da ɗaya. In aka sake wata hayar, ranar da za ta cika ni da kai muna ƙasa. A littafinsu Moutari ne ya mutu, a nan kuma in ka mutu Daouda za a rubuta maka. Shi ya tafi kenan ba a taɓa cewa ya mutu ba."

"Allah ya sani ai."

"Allah ya sani, ni ma na sani. Ka san abin da ban taɓa yi ba? Ban taɓa buɗe baki a cikin mutane na ce Allah ya jiƙan Daouda ba. In na faɗa sai a ce Tchima ta zautu, tana yi wa mijinta fatan mutuwa ga shi zaune yana shan shayi. Duk azumi ina dafa sadaka in kai masallaci, a ce ta wa, in ce ta iyaye. Shekararsa ashirin da tara. Ko kuka a ɓoye na yi masa, a banɗaki, da famfo a buɗe."

"Na ci amanarki ne?"

"Ba ka ci ba. Ka riƙe ni, ka riƙe 'yarsa, ban da abin cewa. Amma aro aka ce, Moutari. Kai sati biyar ka ara masa sunanka, nasa kuma shekara ashirin da biyar yana hannunka."

Ta sunkuya ta zare biron daga kan tebur. Ta jawo shafi na biyu daga gaban Dalila.

"Ina layin suna?"

"Mama, ki tsaya mu yi tunani."

"Ina yake?"

Dalila ta nuna mata da ɗan yatsa.

Hajiya Tchima aji uku ta yi a lakwal, rubutun boko wahala yake mata, ko saƙon waya da murya take turawa. Amma akwai suna ɗaya da hannunta ya saba da shi, don duk takardar da aka miƙo mata a ƙasar nan, ta asibiti, ta makaranta, ta banki, sai an tambaye ta sunan miji. Ta rubuta shi da manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, tana danna biron har yana neman huda takardar. Da ta gama ta juya shafin ya fuskanci Alhaji.

DAOUDA HAMISSOU.

Ya daɗe yana kallo.

"Tchima, kin san in takardar nan ta isa Hamburg a haka, ba a gidan nan zan tsufa ba."

"Na sani."

"Ke ma ba lallai su bar ki ba."

"Na sani."

Ya dubi Dalila. Ita ƙasa take kallo.

Hajiya Tchima ta miƙa masa biron. Ya karɓa. Ya ɗora bakin biron a kan layin ƙarshe, ya tsaya, ya ɗago kai.

"Da wane suna zan sa?"

"Wanda aka yanka maka rago da shi."